Kwalba Biyu a Hammam Dabag

Farfesa Lahdar Gasmi ba ya iya shan kofin gahawa ba tare da ya koyar da wani ba. In ya iske masinja yana dafa ƙwai a bayan ofis, sai ya tsaya a kansa yana yi masa bayanin abin da ke faruwa a cikin ɓawon, har ƙwan ya yi tauri ya tsage. Ɗalibai na kiransa Shaikh, yadda ake kiran kowane malami a wajenmu, amma shi yakan amsa sunan kamar dominsa aka ƙirƙiro shi. Wahiba Buzidi ta shekara shida a ƙarƙashinsa tana neman digirin dakta, kuma ta kai inda ko gyaran muryarsa ta jiyo daga ƙarshen baranda sai ranta ya ɓaci.

Abu ɗaya ya rage tsakaninta da digirin, shi ne sa hannun mutumin nan. Ta gama kundinta, an ɗinke, an yi masa bango shuɗi, ga shi can a kan teburinsa ya zama mazaunin kofi. Sai ya sa hannu sannan za a tsayar da ranar da za ta kare aikin a gaban malamai. In ya ƙi, babu inda za ta kai ƙara, domin duk wanda za ta kai wa, ko dai tsohon ɗalibinsa ne, ko kuma abokin cin kuskus ɗinsa ne na ranar Juma'a.

Duk girman Farfesa a kan wata 'yar ƙwayar halitta ya ginu, wadda ido ba ya gani. Yana saurayi ya ɗebo ta daga Hammam Dabag, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana gab da tafasa. Ya ƙona bayan hannunsa wajen ɗibarta, kuma tun daga ranar babu baƙon da ya shiga ofishinsa ya fita bai ga tabon ba. A cikin wannan ruwan ƙwayar take rayuwa take hayayyafa, in ka mayar da ita ruwa mai ɗumin jikin mutum ma sai ta ƙi motsi don sanyi. Daga cikinta ya fitar da wani furotin mai narkar da maiƙo, ya yi shekara talatin yana yawo da shi daga wannan taro zuwa wancan.

Wahiba ta haddace jawabin nasa har da inda yake tsayawa ya ja numfashi.

"Furotin zare ne," haka yake farawa, da yatsa a sama. "Dogon zare ne da aka yi wa wani naɗi na musamman, kuma a naɗin nan aikinsa yake. Zafi ya zo ya girgiza shi, naɗin ya warware, zaren wannan ya sarƙe da na wancan, su dunƙule su yi fari. Abin da ke samun farin ƙwai a tukunya ke nan. Abin da zai samu naman jikinku ke nan in kun zame a Hammam Dabag. To amma nawa..."

A nan sai ya dafa ƙirji. Nasa, in ji shi, cikinsa a cushe yake, babu kafar da ruwa zai kutsa. Ba shi da wata jela mai reto da zafi zai kama ya ja. Sannan ya ɗaure kansa ta wurare da yawa, inda sashe mai caji ke riƙe da mai akasin cajinsa. Duk wannan gaskiya ne, haka furotin ɗin irin waɗannan halittu yake, kowane littafi ya faɗa. Inda Farfesa ya bar littafi ya kama hanyarsa shi ne cewa nasa ba ya bukatar taimakon komai. Sauran masana na cewa ƙwayar kanta tana agaza wa furotin ɗinta, wata ta cika cikinta da gishiri, wata ta ajiye wasu manyan furotin masu kama da tulu, waɗanda ke haɗiye wanda ya fara warwarewa su sake naɗe shi su tofo. Farfesa yakan taɓe baki ya kira waɗannan 'yan gata masu yawo da mai raino. Nasa namiji ne, a ruwa zalla ma zai tsaya da ƙafarsa.

Shekara biyu da suka wuce ya ba Wahiba aikin da zai rufe bakin kowa, wato ta wanke furotin ɗin tas ta nuna ya tsaya shi kaɗai. Wankin ba wuya gare shi ba, haƙuri kawai yake so. Ana ɗura furotin a 'yar jaka mai kama da hanjin rago, a ɗaure bakinta, a rataye ta a tulun ruwa mai tsabta. Gishiri da sauran tarkace su tsiyaye ta jikin jakar, furotin ya zauna don ya fi ƙarfin kafofin. A sauya ruwa, a sake sauyawa. Ta yi haka har ta tabbata babu abin da ya rage sai shi, ta zuba a 'yar kwalbar gwaji, ta tsoma a ruwa mai digiri casa'in. Kafin ta gyara zaman gilashinta namijin furotin ya yi fari fat ya kwanta a gindin kwalba kamar madarar da ta tsinke.

Ta sake, ya sake. Sai ta auno gishirin fotasiyam, irin wanda ƙwayar ke tarawa a cikinta, ba na miya ba, ta mayar masa gwargwadon abin da ya saba da shi a gida. Ta tsoma. Ya tsaya garau, ta bar shi har wuni, bai ko yi hazo ba. Da ta zauna ta duba siffarsa sai abin ya fito mata fili. Bayan furotin ɗin cike yake da wurare masu caji iri ɗaya, masu ture juna, gishirin ne ke shiga tsakani yana raba su. Ka cire shi, zafi kaɗan ya isa su yaga junansu.

Abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba shi ne murnar da ta yi. Da gudu ta haye bene da kwalabe biyu a hannu, wai ita ga mai albishir. Ta ɗauka a zamaninsa wanki bai kai na yanzu ba, gishiri yana saura ba tare da ya sani ba, kuma malami ai zai ji daɗi ɗalibarsa ta gano abin da ya fi wanda ake nema. Ta iske shi da ɗaliban shekarar ƙarshe sun cika ofis. Ya karɓi farar kwalbar da yatsa biyu, ya nisanta ta da jikinsa.

"Ku zo ku ga abin da hannu marar tsabta ke yi," ya ce. "Wahiba 'yata, a gida ma haka kuskus ɗinki ke dunƙulewa? Allah ya ji ƙan mijin da zai ci."

Yaran suka yi dariyar da ake yi wa mai ba da maki.

"Shaikh, sau huɗu na maimaita. Gishirin ne yake..."

"Sau huɗu kin ɓata mini furotin, kina kuma faɗa da bakinki. Je ki maimaita har ya fito daidai. Ni ba na sa hannu a kan ƙazanta."

To, ta je ta maimaita, ya kuwa fito daidai. Takan wanke furotin ɗin tas yadda aka ce, sannan in ɗakin gwaji ya yi shiru da azahar ta ɗauko kwalbar gishirin ta zuba masa abinsa. Sakamako ya riƙa fitowa kamar an zana da hannu. Farfesa ya riƙa shiga da shi aji yana cewa ga abin da horo ke yi wa ɗalibi. A kundinta ta rubuta cewa furotin tsarkakakke ya jure tafasa a ruwa zalla, ta rubuta har wuri bakwai.

Abin da ya riƙe ta a shekara biyun nan raini ne. Duk sanda ya ɗaga kwalbar yana cika baki, sai ta kalli ƙeyarsa ta ce a ranta, dubi wannan tsoho, shekara talatin yana bauta wa abin da bai sani ba, cokalin gishirina ne ke riƙe da rigarsa ta farfesa. Takan ji daɗin wannan tunanin sosai. A ganinta ita ba maƙaryaciya ba ce, mai lallaɓa wawa ce, irin lallaɓar da ake yi wa kaka mai rikicin tsufa. Ita ta san gaskiya, shi bai sani ba, kuma wannan ya sa take barci lafiya.

Mahaifiyarta, Lalla Yamina, ba ruwanta da furotin. Abin da ta sani shi ne ranar kare kundi dangi kan cika zauren jami'a da farantan kayan zaƙi, su makrud da baƙlawa, mata su rangaɗa guɗa sanda aka ce an ba da digiri, kuma 'yar maƙwabciyarta da ta shiga jami'a bayan Wahiba an riga an yi mata.

"Wai mutumin nan hannunsa ne ya shanye?" ta tambaya ranar Laraba, tana murza ƙullun kesra, gurasar da ake gasawa a kasko. "Dabinon da na tanada don makrud sau biyu yana bushewa ina rabar da shi. Goggonki Zubida kullum sai ta bugo waya, wai ko dai ba dakta ake nema ba, miji ake jira a can."

"Ya ce bayan Asabar, Mama."

"Wace Asabar kuma? Ta bara ko ta bana?"

"Wannan. Zai kai baƙi Hammam Dabag ya nuna musu abin. Ya ce in an tashi lafiya zai sa hannu."

"Ya kai mutane kallon ruwan zafi, sai ka ce ba su da tukunya a gida." Ta juya kesrar a kan kasko. "Ki yi masa duk abin da yake so, ki karɓo takardarki. In kin zama dakta kya zage shi a ranki da lasisi."

Baƙin Asabar su ne shugaban tsangaya, da Si Ammar mai masana'antar garin sabulu, wanda aka gaya wa akwai wani abu da zai cinye maiƙo a ruwan wanki komai zafinsa, da kuma wani matashi mai kyamara daga gidan talabijin. Ana shirin buɗe sabuwar cibiyar bincike, Farfesa kuma ya riga ya auna kujerar shugabanta da ido. Dabarar tasa ce shi kaɗai, ya kuma yaba wa kansa a kanta har sau uku a gaban Wahiba. Za a tsoma kwalba biyu a ruwan da aka ɗebo ƙwayar, ɗaya farin ƙwai, ɗaya furotin ɗinsa a ruwa zalla, duniya ta gani da idonta.

Da safiyar ranar Wahiba ta haɗa furotin mai gishirin a kwalba ta toshe, ta sa a aljihun dama na rigar sanyinta. Ta tsaya tana kallon ragowar furotin ɗin da ta wanke. Sai kawai ta ɗauko wata kwalbar ta zuba shi yadda yake, ba ta ƙara masa komai ba, ta sa a aljihun hagu. A ido ba ka raba su, ruwa ne garau nan da can.

A mota aka sa ta a baya tsakanin jakar kyamara da kwandon lemo. Farfesa na gaba yana ba Si Ammar labarin tabon hannunsa, wanda a wannan karon ya kusa kai shi ga rasa yatsu. Tun daga fitarsu gari har suka fara hango tururi a kan tudu bakinsa bai huta ba.

"Matsalar yaran yanzu, Si Ammar, ba su da haƙurin wanki. Ga wannan da ke bayanka, a da ta zo mini da wani shirme wai gishiri. Na ce a'a, koma. Yau ga ta ta zama mutum."

Si Ammar ya waiwayo ya yi mata murmushin da ake yi wa akuyar da aka yi wa magani ta tashi. A daidai nan Wahiba ta yanke shawara. Ta hagu za ta ba shi. Ai tsarkakakke ya ce, tsarkakakke za a ba shi. Ta hango fuskarsa sanda namijin nasa zai yi fari tare da ƙwai a gaban kyamara, ta hango shi yana lalubar kalma, shi da bai taɓa rasa kalma ba. Ta san abin da zai biyo baya. Kundin zai ruɓe a kan teburinsa, shekara shida su bi ruwa, Mama ta sake rabar da dabino. Tsoro ya kama ta, amma daɗin da take ji ya fi tsoron.

Hammam Dabag a cike yake kamar kowace Asabar ta sanyi. Ruwa na gangarowa ta kan farin dutsen da ya gina wa kansa, warin farar wuta ya gauraye da na man da masu burak, wani abu mai kama da samosa, ke suya da shi. Iyalai sun jeru a bakin magudanar, kowa da ƙwansa a leda ko a safa, an ɗaura da zare an saki a ruwa, ana gardamar ko ya nuna. Farfesa ya ratsa su da farar rigarsa ta ɗakin gwaji, wadda ba ya sawa a ɗakin gwajin, yana cewa a ba kimiyya hanya. Wata tsohuwa ta janye safarta tana tambayar jikarta ko likitan ƙafa ne.

Ya sayi ƙwai ɗaya, ya fasa da kansa, ya tsiyaye farin a kwalba, rabi ya bi masa hannun riga. Ya yi jawabin zare da naɗi tun daga farko, mai kyamara ya sa shi ya maimaita don tururi ya rufe gilashi, ya kuwa maimaita da ƙari. Sannan ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, yadda ake miƙa wa yaron shago.

Wahiba ta sa hannu a aljihun hagu ta ɗora masa kwalbar a tafi.

Ya ɗaga ta sama don kyamara ta gani. Ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, ruwan ya gudu ya dawo. Ya sake karkatawa a hankali, yana kallon jikin gilashin. Murmushin fuskarsa bai ko motsa ba.

"Ku ɗan ba ni lokaci, 'yan'uwa," ya ce. "Malami ba ya tsoma komai sai ya yi wa ɗalibarsa tambaya ta ƙarshe. Si Ammar, ga burak can, ka ce a sa maka barkono, ni na ce."

Ya kama gefen rigarta ya ja ta bayan wani dutse inda tururi ya yi kauri. Muryar da ya yi magana da ita ba ta taɓa jin ta ba. Ƙasa-ƙasa take, babu wasan kwaikwayo a cikinta.

"Ina ɗayar?"

"Wace ɗayar, Shaikh?"

"Mai gishirin, 'yata. Wannan ruwa ne tsarara, dubi yadda yake gudu. Waccan takan ɗan yi nauyi, ta bar sawu a jikin gilashi. Tun ba a haife ki ba nake riƙe kwalabe. Miƙo, mutane na jira."

Ta ɗago ta dubi fuskarsa.

"Ka sani," ta ce.

"Wa kike tsammani yake sa a sayo gishirin in ya ƙare? Aljanu?"

"Tun yaushe?"

Ya yi ɗan tsaki, irin na wanda ake ɓata wa lokaci da tambayar yara.

"Ke ce ta uku da ta wanke shi. Na farkon ya yi taurin kai, yana nan yana koyar da 'yan sakandare a wani ƙauye, in ya samu alli. Na biyun ya gane karatu. Ga shi can yana cin burak da Si Ammar."

Ta leƙa ta gefen dutsen. Shugaban tsangaya na tsaye yana goge maiƙo daga gemunsa da bayan hannu.

"Amma a gaban yara ka ce hannuna ne. Ka ce ƙazanta ce."

"Me kike so in ce a gaban yara? Kuma ki tuna da kyau, ni ban taɓa ce wa kowa ya zuba komai ba. Cewa na yi ki maimaita har ya fito daidai. Ke kika auno, ke kika zuba, ke kika rubuta. Na karanta kundin, ya yi kyau, wuri bakwai kin ce ruwa zalla. Sunan wa ke jikin bangon, nawa ko naki?" Ya mayar mata da kwalbar hagun, ya bar tafinsa a buɗe. "In kina so mu tsoma waccan, mu tsoma. Zan ce ɗalibata ta yaudare ni shekara biyu, in yi baƙin ciki a talabijin. Za a tausaya mini, tsoho ne ni. Ke fa?"

Wahiba ta nemi rainin nan da ta saba jingina da shi, ta rasa. Shekara biyu tana kallon ƙeyarsa tana ce masa wawa, ashe shi ma yana kallon tata, kuma shi ya fi ta dalili. Ba lallaɓa tsoho take yi ba, aiki take yi masa, aikin da ya zaɓe ta dominsa, kuma ta iya shi fiye da yadda ya zata. Kunya ta rufe ta, ba ta kama da wadda ta ji a ofishinsa ba, don waccan shi ya ɗora mata, wannan kuwa tata ce. Har yanzu tana iya cewa ba ta zo da ɗayar ba. Ta san haka sarai, ta kuma ji bakinta ya ɗan buɗe. Sai ta ga hannunta ya riga ya shiga aljihun dama.

"Madalla," ya ce. Ya karkata kwalbar sau ɗaya, ya gyaɗa kai. "Gyara fuskarki, za a ɗauke ki."

Ita aka ba riƙon wayar da aka saƙale kwalaben biyu, don Farfesa yana bukatar hannayensa wajen bayani. Ta durƙusa a bakin magudanar ta saki. Farin ƙwan ya fara hazo daga ƙasa, ya yi fari, ya daskare. Ɗayar ta tsaya garau, ana hango duwatsun ƙasan ruwa ta cikinta. Masu ƙwai suka bar ƙwansu suka matso. Farfesa ya sa ta ƙara jira, ya sake sa ta jira, har tururi ya dafa mata yatsu.

"Ikon Allah," in ji Si Ammar. "Kuma ba a sa masa komai ba?"

"Tambayi mai aikin," Farfesa ya ce, ya nuna ta da hannu mai tabo. "Ni ban taɓa kwalbar ba sai yanzu. Faɗa musu, Dakta."

Mai kyamara ya juyo da ita kanta.

"Ruwa ne zalla," in ji Wahiba.

Aka tafa. Shugaban tsangaya ya fi kowa tafi, bai kuwa yarda sun haɗa ido ba.

Da aka zauna cin abinci ta ce za ta wanke hannu. Ta bi magudanar zuwa can ƙasa inda mutane suka yi ƙaranci, ta tsuguna kusa da tsohuwar nan mai safa, ta ciro kwalbar hagu ta riƙe ta a ruwa ta wajen murfin. Ba ta san abin da take nema ba, ta riga ta san abin da zai faru. Ya faru kuwa, nan da nan, fari fat. Shekara shida ta yi a ƙarƙashinsa, abu ɗaya tak ta gano da kanta wanda yake gaskiya, ga shi a hannunta, kuma babu mai gani sai wata tsohuwa.

"Naki ya nuna, 'yata," tsohuwar ta ce. "Cire shi kada ya yi tauri."

Ta cire, ta juye shi a magudanar, ta ɗauraye kwalbar don kayan jami'a ne.

A wajen mota Farfesa ya ciro takardar izinin kare kundi daga aljihun ƙirjinsa. Ashe da ita ya zo. Ya shimfiɗa ta a kan murfin injin, ya ari alƙalamin Si Ammar, ya zana sa hannunsa mai jela, ya hura masa iska. Ya miƙa mata a gaban kowa, aka yi mata barka, Si Ammar ya ce kada a manta da shi ranar baƙlawa. Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi godiya, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta ji sanyi a zuciyarta da takardar ta shiga hannunta.

Sauran suka shiga mota. Farfesa ya tsaya yana kakkaɓe busasshen farin ƙwai daga hannun rigarsa, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba, da muryar nan ta bayan dutse.

"Akwai wata yarinya da za ta fara da ni bana, Suhaila. Tana da ƙoƙari, irinki ce. Zan ba ta wanki. In ta zo miki da farar kwalba tana kuka, kada ki bar ta ta ɓata wata shida tana lalube yadda kika yi. Ki nuna mata inda gishirin yake da yawan da ake zubawa."

Direba ya danna ham. Wahiba ta ninke takardar biyu, ta sa a aljihun dama, ta ja zif.

"To, Shaikh," ta ce.